Kara Uku da Injin Tsohuwa

Tun da na dawo daga Kwatano ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a bakin tasha ba. Da na zauna sai wani ya jawo benci ya ce, "Malam Iro, wai da gaske ka ga teku?" Wani kuma ya ce, "An ce mace ce ta sayar muku da inji?" Na ba da labarin har ya fara girma a bakin mutane. Makon jiya na ji shi a Bunkure, wai jirgin ruwa muka shiga. To ga shi a rubuce yadda ya faru, don duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da shayina.

Wanda bai san Tsohuwa ba, mota ce mai bodin katako, 'yar tan uku, ƙirar Ingila. Mahaifinmu ya saye ta hannu na biyu tun ana haƙar kanal. Da ya rasu ta koma hannun yayana, Yaya Garba, wanda ke noman tumatir a gefen Kadawa. Ita ke fitar masa da kwanduna daga gona zuwa kasuwar bakin titi. Manomin da ba shi da mota, dillali ke samunsa a gona ya yi masa farashi a tsaye, shi kuwa ya karɓa, don tumatir ba ya jiran mutum ya yi shawara. Yaya bai taɓa sayarwa a gona ba, kuma ba ya bari a manta da hakan.

Bana, tumatir na fara ɗaukar ja, injin Tsohuwa ya yi wata ƙara a ƙofar gida ya tsaya. Aka kira Bitrus makanike, mutumin Filato ne amma ya fi shekara ashirin a Kura, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Ya buɗe, ya leƙa, ya rufe, ya ce, "Yaya, wannan ya gama aikinsa. Ko a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ba za ka samu ɗan'uwansa ba. Sai dai a sa mata wani inji da wani giyabos."

Yaya ya ce idan aka fara ɗiba Tsohuwa ba ta tashi ba, 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, zai kira su yanka ta su auna. Ya faɗa a gabana, kuma na san shi, ba ya faɗin magana sau biyu. Mako uku muke da su, ko ƙasa da haka.

Aka yanke cewa Kwatano za a je, inda injinan Turai ke sauka daga jirgi. Bitrus zai je don shi ya san inji. Ni kuma aka haɗa ni da shi don wai ina jin Faransanci. Gaskiyar maganar, na yi shi shekara biyu a kwalejin horon malamai, shekara talatin da suka wuce, abin da ya rage mini shi ne gaisuwa da sunayen ranakun mako. Amma na yi ritaya, ba ni da uzuri.

Umarnin Yaya ɗaya ne. "Mai ƙarfi nake so. Kuma giyar ta zama mai canja kanta, otomatik. Gwiwar nan ta gaji." Ya dafa gwiwarsa ta hagu. Shekara talatin yana taka kulocin Tsohuwa, wanda taurinsa ya kai na ƙofar kurkuku.

Ana gobe za mu tashi na sami Bitrus a ƙarƙashin motar da karan dawa. Ya gwada tsawon gurbin inji, ya yanke kara. Ya gwada faɗi, ya yanke na biyu. Na uku kuwa daga inda inji zai ƙare, wurin da ya yi wa alama da alli, zuwa wani ƙarfe da ya gitta ƙashin motar, wato iyakar inda giyabos zai kai. Ya ce wannan ƙarfen shi ke riƙe da Tsohuwa, ba mai taɓa shi.

Na ce, "Injiniya, shekara ashirin da takwas ina koyar da santimita. Ba ka yarda da ita ba ne?"

Ya ce, "Malam, lamba ana mantawa, ana rubuta ta a karkace. Kara kuwa ka ɗora shi kawai, ya shiga ko bai shiga ba."

Na ce to.

Ba mu shiga bas ba. Wata babbar motar tumatir ce za ta Legas da na farkon kaka, direban abokin Yaya ne, ya ba mu gaba. Kwana biyu muka yi. Na koyi cewa direban tumatir ba ya tsayawa don yunwa, ba ya tsayawa don gajiya, salla kaɗai ke tsayar da shi, ita ma a haɗe. A Zariya na ce ina son shayi, ya ce a Kaduna. A Kaduna ya ce a Tegina. A Tegina muka sha, na gane ashe alkawarin direba ma yana cika idan mutum ya daina tunawa da shi. Bitrus ya rungume karansa uku kamar jariri, ya naɗe su da tsohon zane. Duk ramin da muka faɗa, su yake fara dubawa kafin ya duba kansa.

Bayan gadar Jebba ƙasa ta canza launi, iska ta yi nauyi, rigata ta manne a bayana. A wani gari kafin Ibadan muka tsaya cin abinci, aka kawo mana amala baƙa wuluk da miya mai yauƙi. Na tambayi mai abincin ko akwai wani abu dabam, ta ce akwai, ta kawo irinta fara. Bitrus ya cinye tasa ya taya ni da tawa. Ya ce shi ya yi koyon aiki a Legas, cikinsa ya daɗe da yin sulhu da Kudu. Ni kuwa na yi sulhu da ayaba.

Legas ba zan ce komai a kanta ba, don ban gan ta ba. Na ga bayan motoci, na ga gada a kan gada, na ga mutane na gudu ba wanda ya biyo su. Daga kasuwar da aka sauke tumatir muka shiga ƙaramar bas zuwa iyaka. Kwandasta ya ce karan Bitrus kaya ne, sai an ɗora su a sama. Bitrus ya ce sai dai a ɗora shi tare da su. Aka yi ta ja har fasinjoji suka shiga maganar, wata mata mai kifi ta ce a bar bawan Allah da maganinsa. Daga nan kowa ya ɗan matsa mana, muka sami wurin miƙe ƙafa.

A iyaka na shirya jawabi da Faransanci tun daga nesa. Ba a ba ni damar yin sa ba. Ta ɓangarenmu wani jami'i ya nuna zanen ya ce a kwance. Ya ɗauki kara ɗaya, ya juya, ya leƙa cikinsa, ya ce mene ne wannan. Bitrus ya yi masa bayani tun daga mutuwar inji. Jami'in ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce cikin Hausar Sakkwato, "Dawa ce ko gero?" Muka ce dawa. Ya ce ya sani, yana son ya ji ko mun sani ne. Ya ce rabonsa da gida wata tara, ya miƙa mana karan da hannu biyu. Ta ɗaya ɓangaren kuma katin rigakafi aka tambaya. Nawa na cikin littafin da nake rubuta tafiyar, littafin na cikin jaka, jakar na ƙarƙashin buhun garin wata mata. Muka yi kusan awa guda kafin ta gama cinikin da take yi ta ɗaga.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓansu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, da lamba a baya. Mata na hawa da kaya a ka, wasu ma su ke tuƙa nasu, ba mai waiwayarsu. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi kamar man ja. Na tambaya daga ina yake zuwa, aka ce daga wajenmu. Na tuna layin gidan mai da muke kwana uku a kai a Kano.

Mun sauka a Zango, gidan wani Alhaji Mamman, Bakatsine da aka haifa a can. Shi ne mai masaukin 'yan Arewa masu zuwa sayen mota. Tsarin irin na fataken da ne: ya ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya haɗa ka da mai kaya, ya tsaya maka idan rigima ta taso, ya samo motar da za ta kai kayanka gida. Hausarsa tsantsa ce, sai dai lissafi da zagi, waɗannan da Faransanci yake yi. Ɗakinmu na kallon tsakar gida, inda aka ɗaure wani farin rago a gindin mangwaro. Alhaji ya ce daga Katsina aka kawo masa shi bara, har yanzu bai saba da ciyawar bakin teku ba, duk ya rame.

Da safe aka kawo mana burodi dogo kamar sanda, bayansa da tauri, cikinsa iska. Na gatsa, dasashina ya ba da jini. Alhaji ya ce ai tsomawa ake yi. Da rana kuma wani farin tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da soyayyen kifi da yaji ɗanye. Wannan kam na ci, na ƙara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da rana ta take sai a rufe shaguna, kowa ya tafi ya kwanta, sai wajen la'asar a buɗe. A Kura wanda ya rufe shago da azahar, kafin ya dawo an je gidansa gaisuwar rashin lafiya.

Filin injina na wajen gari, kan yashi. Ban taɓa ganin abu irinsa ba: injina jere a ƙasa kan tsofaffin tayoyi, ɗaruruwa, kowanne da rubutun alli a jikinsa, kamar ɗalibai a filin taro. Alhaji ya kai mu rumfar wata mata da ake kira Madam Selestin. Doguwa ce, da zane da ɗankwali, da sifana a soke a ƙugu. Tana jin Hausa irin ta kasuwa, ba ta san namiji da mace ba a magana, amma ta san inji. Na gaishe ta da Faransanci, ta amsa, ta ci gaba da wata doguwar magana, na ce mata mu koma Hausa saboda Bitrus.

Na faɗa mata saƙon Yaya. Ta ce akwai. Ta kai mu gaban wani ƙaton inji na Amurka, mai silinda takwas, na fetur, da giyarsa otomatik a manne. Al'adar wurin, ba a sayen inji sai an tayar da shi a ƙasa. Aka kawo batir, aka sa tiyo a galan, aka haɗa waya. Jama'a, ban taɓa jin murya irin wannan ba. Yashi ya yi rawa a ƙarƙashin takalmina. Na ga Tsohuwa tana wuce motocin Zariya a titi, na ga Yaya ya miƙe ƙafarsa ta hagu yana hutawa. Na ce, "Injiniya, an gama. Wannan ne."

Bitrus ya kwance zanen karansa. Ya ɗora kara na farko, ya shiga da ƙyar. Ya ɗora na biyu, injin ya fi shi faɗi da yatsa uku. Ya ce wannan ana iya dabara. Sannan ya juyo.

"Malam, sau nawa ka taɓa tura Tsohuwa?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Me ya sa Yaya ke ajiye ta a kan gangaren kanal, hancinta na kallon ƙasa?"

Na ce kowa ya sani, don batir ba ya kwana da rai. Da asuba a cire dutse, ta gangara, a saki kuloci, ta kama. Duk motocin gonakinmu haka ake yi musu.

Madam ta yi dariya har ta dafa injin. "Wannan ba a tura shi, Malam. Ka tura daga nan har Kano, ba ya tashi. Batir ya mutu, mota ya mutu. Gonar da laka?"

Na ce da laka, musamman ranar da aka saki ruwa.

"Giyan ya lalace, wa zai buɗe?"

Na dubi Bitrus. Ya ce, "Ni dai ban taɓa buɗe irinsa ba. A Kano akwai mutum biyu, ɗaya ya tafi Umara."

Ta ce kuma yana shan fetur kamar an huda galan. Na lura ita ce mai kaya, kuma wannan ya fi tsada, amma tana kushe shi. Na tambaye ta dalili. Ta ce idan ta sayar mana ya ba mu kunya, Alhaji ba zai sake kawo mata kowa ba.

Ta nuna mana na Jamus, na gas, kyakkyawa, amma ya fi kara na farko tsawo da kusan taƙi guda. Bitrus ya shafa shi kamar mai ban kwana, muka wuce. Na ƙarshe wani ƙaramin injin Japan ne, na gas, silinda huɗu, an ciro shi daga motar kai kaya. Ba shi da kwarjini ko kaɗan. Da aka tayar da shi ƙararsa irin ta injin niƙa ce. Bitrus ya kafa sukudireba a jikinsa, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya rufe ido, ya daɗe. Ya zare ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa ya sansana. Ya tara farin ƙyalle a bakin hayaƙi ya duba. Kara na farko ya shiga, na biyu ya shiga da sarari.

Ya ce, "Wannan ɗan'uwan injin tarakta ne. Daga Kura har Bunkure ba makaniken da zai tsaya yana kallonsa."

Saura giyabos. Madam ta ce iri biyu ke shiga wannan injin. Akwai gajere mai giya huɗu, na titi, ga shi nan a ƙasa. Akwai dogo mai biyar, wanda giyarsa ta ɗaya ke tafiya kamar jaki da kaya, a hankali, amma ba abin da ke tsayar da ita. Kulocinsa kuma na mai ne, da laushi. Dogon na wani sito, sai gobe da safe. Bitrus ya ce dogon muke so, in dai bai wuce kara na uku ba. In ya wuce, sai gajeren, shi kuwa bai yi alkawarin zai fitar da kwando sittin daga laka ba. Alhaji ya ƙara da cewa motar da ke ɗaukar kaya zuwa Kano gobe da la'asar za ta rufe lodi, ta gaba sai bayan kwana goma. Kwana goma ba ma da su.

Washegari bayan sallar asuba ina zaune da burodina ina tsomawa, sai na ji Bitrus ya kira sunan Allah da yarensu. Na fita. Ashe da ya dawo jiya ya jingina karan a bakin taga don ya yi wanka, ya kwashe biyu ya shiga da su, ɗaya ya zame ya faɗi ta waje. Ragon Alhaji na tsaye, igiyarsa a miƙe, yana tauna cikin natsuwa irin ta wanda ya sami wasiƙa daga gida. Abin da ya rage bai kai tsawon alli ba. Na uku ne.

Na ce, "To ai ka tuna tsawonsa."

Ya ce, "Malam, kara ya riƙe, me zai sa ni in riƙe?"

Alhaji ya ba da haƙuri, amma na ga yana kallon ragon da farin ciki.

Muka tafi filin. Dogon giyabos ya iso, yana kwance a yashi. Kusa da rumfar Madam akwai mai wayar haya, muka kira Yaya. Bai daɗe da sayen wayar hannu ba, har yanzu yana magana da ita kamar mai kiran wani a tsallaken kanal. Na ce ya nemo tef wurin telan unguwa. Ya ce tela ya tafi ɗaurin aure Madobi, da tef ɗinsa a wuya kamar kullum. Na ce to ya shiga ƙarƙashin motar ya gwada daga alamar allin Bitrus zuwa ƙarfen. Muka ji nishi, muka ji gwiwa ta yi ƙara, sannan ya ce, "Taƙi uku da yatsa biyu."

Bitrus ya gwada giyabos da hannunsa: taƙi uku da rabi. Ba zai shiga ba ke nan. Na gwada da nawa: kusan huɗu. Madam ta gwada: uku daidai. Muka dubi juna.

Bitrus ya karɓi wayar. "Yaya, taƙin wa?"

"Nawa mana! Na wa zan ara?"

Hannun Yaya kuwa kamar faranti yake. Ba wanda ke da irinsa a Kwatano. Ana buƙatar abin da girmansa ɗaya ne a Kura da bakin teku. Ina waige-waige sai idona ya faɗa kan teburin wata mai abinci da ke gefe, ta jera ƙananan gwangwanayen tumatirin nan na waje, masu jan fenti. Ko a shagon ƙauye akwai su.

Sai dai akwai matsala. Yaya ya haramta gwangwanin tumatir a gidansa. A wajensa shi ne ke karya farashin manomi, kuma ya sha faɗa a majalisa cewa ko an yanka shi ba zai ci miyarsa ba. Na yi masa bayani a hankali, na ce aro kawai za a yi daga shago.

Kafin ya amsa muka ji muryar matarsa, Hajiya Asabe, daga nesa. "Wane iri? Ƙaramin?" Sai ga ta kusa da wayar: "Malam Iro, mai giram saba'in?" Na duba na hannuna, na ce shi. Bitrus ya ce a samo biyu don a riƙa ɗora ɗaya gaban ɗaya. Ta ce, "Akwai shida."

Yaya ya ce, "Shida? A gidan nan?"

Ta ce, "Da damina da me kake zaton ake yi maka miyar da kake yabo? Matsa in miƙo maka katako ka jera."

Minti na tafiya, mai waya na kallon agogonsa, mu kuma muna sauraron Yaya yana ƙirga gwangwani a ƙarƙashin motar mahaifinmu da muryar wanda aka ci amana. "Sha ɗaya. Sha biyu. Sha uku. Da ɗan sarari, ashana za ta shiga a kwance."

Mai abinci ta ara mana nata. Bitrus ya jera su a jikin giyabos, Madam na ƙirgawa da Faransanci, ni da Hausa. Sha biyu da rabi. Muka sake, sha biyu da rabi. Bitrus ya zauna a kan taya ya goge fuska.

Na ce, "Yaya, ya shiga."

Ya ce, "Madalla. Mai canja kanta ce ko?"

Na ce, "Yaya, ta hannu ce. Kuma injin na gas ne, ƙarami. Bari in yi maka bayani."

Wayar ta yanke. Har yau ban sani ba ko shi ya kashe ko layi ne, kuma ban tambaya ba.

Aka ɗaure inji da giyabos a kan katako, aka loda kafin la'asar. Teku kuwa, tunda ana yawan tambaya, na gan shi ta tagar mota a hanyar komawa iyaka. Ruwa ne mai yawa, ba a noma komai da shi.

Dawowa ta fi zuwa tsawo. Takardun kaya suka ci kwana ɗaya da rabi a iyaka, taya ta fashe mana kusa da Mokwa, muka iso Kura kwana biyar bayan barin Kwatano. Tumatir bai jira mu ba. Ɗiban farko ya nuna tun muna hanya, dole Yaya ya sayar da shi a gona, a tsaye, karo na farko a rayuwarsa. Da aka sauke injin a ƙofar gida ya zagaya shi sau ɗaya ya ce, "Wannan ne na Tsohuwa, ko na ban-ruwa kuka sayo?" Daga nan bai ƙara yi mini magana ba. Idan ya zo wajen aikin sai ya ce wa Bitrus, "Ka gaya wa Malaminku," alhali ina tsaye a gefensa. Na kuma ji labarin wani ɗan gwangwan ya zo har sau biyu yana ƙwanƙwasa bodin motar da yatsa.

Bitrus ya yi kwana shida a ƙarƙashinta. Ya ƙera sabon mazaunin inji a wajen mai walda, ya rage tsawon farfelar da ke juya tayoyin baya, ya huda ƙasan gaba don sandar giya ta fito, ya wanke tanki don gas. Giyabos ya zauna, tsakaninsa da ƙarfen nan yatsa ɗaya da rabi. Ranar ta bakwai aka yi ɗiba na biyu.

Na bi su gona ba tare da an gayyace ni ba. An saki ruwa daren jiya, hanyar cikin gona ta zama kunu. Aka loda kwando sittin, aka ɗaure. A da, a irin wannan rana, sai an sauke ashirin a kai su bakin kanal a ka, sannan Tsohuwa ta iya hawa. Masu ɗiba sun riga sun tsaya a baya suna naɗe wando. Yaya ya hau, ya taka kuloci da irin ƙarfin da ya saba, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba shiri, ya ɗan dubi ƙafar. Ya sa giya ta ɗaya. Motar ta motsa a hankali, a hankali ƙwarai, har wata mata mai tallan fura ta wuce ta da ƙafa. Tayoyin baya suka nutse, suka juya, suka kama. Ba ta yi kuka ba, ba ta ja da baya ba. Ta bi lakar nan taku-taku, ta hau gangaren, ta tsaya a kan kanal da kwandunanta sittin. Masu ɗiba suka warware naɗin wandunansu.

Na iso ina haki, takalmina ɗaya a hannu. Yaya na zaune a ciki, injin na ƙararsa ta niƙa. Ya leƙo ta taga.

"Iro."

"Na'am, Yaya."

"Ba ta gudu."

"Ba ta yi, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu ya buɗe mini ɗaya ƙofar.

"Shigo mu je, kar rana ta yi wa kayan. Jibi saba'in za a ɗora."